Yadda Hedimasta Ya Daina Girmama Tafireta

A cikin shekarun saba'in da wani abu, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, ina koyarwa a firamare a Gagarawa Tasha. Saurayi ne ni a lokacin, ina da keke da agogon hannu da wani ƙamus na Turanci wanda bangonsa ya cire. A garin ana ganina da ƙima, ni ma kuma ina ganin kaina da ita fiye da yadda ake ganina. Da dogon hutu ya zo sai aka ce duk malamin da yake son zama jarrabawar ƙarin girma ya tafi Gumel a yi masa kwas. Damina ce, kowa hankalinsa yana kan gonar geronsa, amma haka muka naɗe tabarmi muka ɗauki buta muka tafi.

A wata makaranta aka sauke mu. Aka kwashe bencina daga wasu azuzuwa, muka shimfiɗa tabarmi a ƙasa. Mu uku muka haɗu a kusurwa ɗaya. Na damana wani dattijo ne, shugaban wata makaranta a ƙasar Sule Tankarkar, wanda ya fara koyarwa tun ban san hanyar makaranta ba. Kullum yana cikin farar riga mai guga, da tabarau wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare. Kowa Hedimasta yake ce masa, ni kuwa Baba nake ce masa. Na haguna malami ne daga Maigatari, wanda ko shi da kansa bai musa cewa ranar kasuwa ya fi daɗewa a wajen masu tumaki fiye da cikin aji ba. Dillanci yake taɓawa. Bakinsa ya cakuɗe da na mutanen Damagaram, makaranta lakwal yake ce mata, malamin makaranta kuwa mushe.

Wanda aka turo ya koya mana karanta rubutun masana da auna hujjojinsu wani siririn mutum ne daga kwalejin horon malamai. Ba ya ɗaga murya, ba ya dariya da ƙarfi, jan biro kuma ba ya rabuwa da aljihunsa na gaba. Ran da ya fara shigowa, mutumin Maigatari ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Mushe, barka da zuwa." Malamin ya dubi hannuwansa, ya shafa wuyansa, sannan ya ce a iya saninsa dai har yanzu da ransa, amma zai bincika. Sai da aka yi masa bayani kafin aka zauna.

A ranar ya ce kowa ya rubuta insha'i a kan duk wani abu da yake da ra'ayi a kai. Ni mutumin tasha ne, ina kwana ina tashi da ƙarar jirgi, don haka na rubuta cewa jirgin ƙasa ya fi mota ta kowace fuska. Na buɗe ƙamus na tsinto kalmomin da ni kaina ban taɓa jin wani ya furta ba, na jera su. Ya karɓe takardunmu ya zuba a jaka, bai sake tayar da maganarsu ba. Na ɗan ji haushi, don na sa ran za a karanta tawa a gaban aji, amma daga baya na manta.

Aiki na gaske ya fara ne da wata takarda da ya rarraba mana, an buga ta da tafireta. Ya ce daga rubutun wani masani ya ciro ta. Masanin yana cewa rediyo ce ta kashe noman gyaɗa a ƙasarmu. Dalilinsa shi ne, tun da ƙananan rediyoyi masu batir suka yawaita, gyaɗar da ake samu take raguwa. Ya ce shi da kansa ya zaga wasu ƙauyuka, ya ga magidanta zaune a gindin bishiya da rana tsaka sun kewaye rediyo, ba mai ko kallon fartanya. Malamin ya ce mu karanta, kowa ya rubuta yadda ya ga ƙarfin maganar.

Hedimasta ya cika shafi da yabo, ya rufe da yi wa masanin da iyayensa addu'a. Ni na sake faɗin duk abin da mutumin ya faɗa, sai dai da kalmomin da suka fi nasa girma. Mutumin Maigatari layi biyu ya rubuta, ya ce ya yarda, don maƙwabcinsa yana da rediyo kuma malalaci ne.

Malamin ya karanta su duka. Da ya gama sai ya ce a cikinmu ba wanda ya auna komai, mun dai gaida marubucin ne, kowa da irin gaisuwarsa. Ya ce kafin mutum ya yarda ko ya ƙi, sai ya fara ware abin da ake so ya yarda da shi daga dalilan da aka ba shi, sannan ya duba ko dalilan za su iya ɗaukar nauyin maganar. Ya tambaye mu a wane wata masanin ya zaga ƙauyukan. Ba wanda ya lura. Muka koma muka duba, ashe yana nan a rubuce a sakin layi na biyu, watan Maris ne. Wani daga baya ya ce a watan Maris ko mahaukaci ba ya fita da fartanya. Daga nan abin ya fara warwarewa kamar tsohuwar tabarma. Wani ya lura duk ƙauyukan na bakin hanyar mota ne. Wani ya ce fari fa, wanda dukanmu muka gani da idonmu a shekarun, har shanu suka yi ta faɗuwa, ga shi mutumin bai ambace shi ko sau ɗaya ba. Malamin ya ce abu biyu suna iya faruwa a lokaci ɗaya ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba, kuma marubucin da bai kawar da sauran dalilai ba bai gama aikinsa ba.

Duk wannan hayaniya Hedimasta yana zaune ya haɗe rai. Can ya ɗaga hannu ya miƙe, ya gyara riga.

"Malam," in ji shi, "wanda ya rubuta wannan ya yi karatu mai zurfi, har an buga maganarsa da inji. Mu da muke rubutu da alli, hannun riga yana gogewa, mu ne za mu ce ya yi kuskure? Wannan ai rashin kunya ne."

Malamin ya ce masa, ranka ya daɗe, ba mutumin ake tuhuma ba, maganarsa ake dubawa. Sai ya juya wajen mutumin Maigatari ya tambaye shi, in babban alhaji ya kawo rago kasuwa ya ce shekararsa biyu, yaya yake yi. Ya ce zai durƙusa ya gaida alhaji, ya tambayi iyali, sannan ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora. Ko liman ne ya kawo, in ji shi, sai ya duba. Malamin ya ce to abin da yake nema a wurinmu ke nan. Hedimasta ya zauna, amma na ji yana faɗa ƙasa-ƙasa cewa littafi ba rago ba ne.

Mutumin Maigatari kuwa tun daga ranar ya sami abin yi. Duk takardar da aka ba mu sai ya tunkare ta kamar an kawo masa dabbar da aka ɗura wa ruwa don ta yi ƙiba. Ba ya ma gama karantawa yake cewa akwai algus. Wata rana aka ba mu wani rubutu a kan kurkunu, mai cewa tace ruwan tafki kafin a sha yana rage cutar. Ya miƙe ya ce ƙarya ce, ina hujja. Malamin ya ce masa ya juya takardar. Ashe hujjar tana bayanta, an kwatanta garuruwan da suke tacewa da waɗanda ba sa yi, an kuma faɗi inda binciken ya gaza. Malamin ya ce wanda ya ƙi komai da wanda ya yarda da komai duk ba su karanta ba, kuma faɗin inda magana ta yi ƙarfi yana cikin aikin. Mutumin Maigatari ya ce shi dai a sana'arsu ba a yabon rago a gaban mai shi.

Ni ma cutar ta kama ni, sai dai ni gida na kai tawa. Ina da goggo a cikin garin Gumel, yayar mahaifina, kuma ran Juma'a bayan masallaci can nake zuwa in huta da waken kwas. Wata Juma'a na same ta tana kwashe tuwo tana faɗa, wai tun da aka kawo injin niƙa unguwar, tuwo ya daina riƙe ciki, yara kuma ba sa rabuwa da ciwo. Da na yi shiru da na ci tuwona lafiya. Sai na gyara zama na shiga yi mata bayani cewa abu biyu suna iya faruwa tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Na tambaye ta ko ta kwatanta da unguwar da ba inji. Na tambaye ta yara nawa ta gani, kuma a wane wata. Har na ce mata maganarta ba ta da hujja.

Ba ta katse ni ba. Ta ci gaba da malmala tuwo, ta zuba wa mijinta, ta zuba wa yara, ta aika wa maƙwabciya, ta rufe tukunya ta zauna. Na jira na jira. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne sai na ce, Goggo, ni fa yunwa nake ji.

"Na ji ka faɗa," in ji ta. "Ina hujja? Ni dai tun da ka shigo ban ga bakinka ya gaji ba."

Sai da mijinta ya sa baki, bayan ya gama dariya har ya ƙware, sannan aka zuba mini. Miya ta kai, nama kuwa ban gan shi ba.

Ana saura kaɗan kwas ya ƙare, malamin ya shigo da sabuwar takarda, ita ma an buga ta tsaf da tafireta, ba suna a sama. Ya ce wannan ce ta ƙarshe da za mu auna tare. Na karɓi tawa na dubi layin farko, sai na gane ta. Insha'ina ne na jirgin ƙasa. Bai canza ko kalma ɗaya ba, amma da yake ya fito daga inji, sai ya yi wani irin kwarjini wanda ni kaina sai da na ji ina girmama shi. Na saci kallon malamin, ya kau da kai yana gyara alli.

Hedimasta ne ya fara magana. Ya ce wannan kam ko makaho ya shafa ya san aikin babban masani ne. Ya ce a dubi kalmomi, shi da ya shekara da shekaru yana koyar da Turanci akwai guda-guda da bai taɓa gamuwa da su ba. Ya ce in an taɓa mai rediyo, wannan dai a bar shi, don irin waɗannan mutane ba a samunsu ko'ina. Ina zaune kusa da shi, kaina yana ƙara girma, ina ta gyaɗa shi a hankali kamar mai tabbatar da maganar dattijo.

Sai mutumin Maigatari ya miƙe, ya naɗe hannun riga. Ya ce marubucin ya ce jirgi ya fi mota ta kowace fuska, to shi yana so a nuna masa fuskar da jirgi yake zuwa Maigatari. Ko Sule Tankarkar. Ko nan Gumel da muke zaune. Ya ce dalilin farko da aka kawo shi ne wai duk mai hankali ya san haka, wannan kuwa ba dalili ba ne, zagi ne aka yi wa wanda bai yarda ba tun kafin ya buɗe baki. Ya ce an rubuta wai ba a taɓa ganin jirgi ya yi faci ba, to shi ma bai taɓa ganin raƙumi ya yi faci ba. Ya ce an ce jirgi ba ya makara, wanda ya rubuta haka ko dai bai taɓa zuwa tasha ba, ko kuma ba shi da tsoron Allah. Aji ya ɗauki dariya.

Na ɗaga hannu. Na ce a ganina ba a yi wa marubucin adalci ba, don abin da yake nufi shi ne kaya masu nauyi, irin buhunan gyaɗa da ake kaiwa nesa. Malamin ya tambaye ni a wane layi aka faɗi haka. Na duba sama na duba ƙasa, babu. Na ce bai rubuta ba, amma abin da yake zuciyarsa ke nan. Ya ce shi takarda kawai aka ba shi, ba a haɗo masa da zuciyar ba. Ya kamata in zauna a nan, amma mutumin Maigatari ya riga ya kai ga babbar hujjata, wato labarin wata gingimari da ta kife da awakin wani bawan Allah a hanyar kasuwa. Ya ce mota ɗaya ta kife, sai a yanke wa dukan motocin duniya hukunci? Ya ƙara da cewa shi bai ma yarda an yi haka ba, ƙila ƙirƙira aka yi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Wallahi an yi. Awakin kawuna ne, ni na taya shi kamo su a cikin gonar mutane."

Sai wani daga baya ya fashe da dariya, sauran suka bi, har da masu dukan benci. Mutumin Maigatari ya riƙe baki, ya ce da ya san ragon na gida ne da ya duba haƙoran a hankali. Wanda bai yi dariya ba Hedimasta ne. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai ne ka rubuta wannan?" in ji shi. "Kai da ka ari allurata jiya ka ɗinke wando?"

Na ce ni ne, Baba. Ya dubi takardar, ya sake dubana. Sai ya juya ga malamin ya tambaye shi, cikin natsuwa, ko shi ma mai rediyon nan mutum ne kamar wannan yaron, mai cin tuwo da aron allura. Malamin ya ce bai san batun allura ba, amma tuwo kam yana kyautata zaton yana ci. Daga nan Hedimasta ya miƙa hannu ya ce a ara masa jan biro.

Da aka tashi bai bi mu cin abinci ba. Ya zauna a gindin wata darbejiya da takardata a kan gwiwa har la'asar. Mun manta cewa mutumin nan ya fi kowa a cikinmu daɗewa yana gyaran rubutun yara, kwarjinin inji ne kawai ya ɗaure masa hannu. Da ya miƙo mini takardar, fari kaɗan ya rage a jikinta. Ya ja layi a ƙarƙashin kowace babbar kalma ya rubuta ƙaramar da ta fi ta dacewa. Biyu daga ciki ya rubuta cewa ya duba ƙamus ɗina, ba abin da nake zato suke nufi ba, ɗaya ma sunan wata cutar dawaki ne. A gefe ya rubuta tambayar da duk aji ba wanda ya yi: ya fi wa wa? Mai buhu ɗari da mai akuya ɗaya ba buƙatarsu ɗaya ba. A ƙasa kuma ya nuna wuri ɗaya da ya ce a nan na yi gaskiya, inda na ce da damina hanyar mota tana yankewa jirgi kuwa yana wucewa. Ya ce da a kan wannan na tsaya da ba wanda ya isa ya taɓa ni.

Washegari malamin ya karanta gyaran Hedimasta a gaban aji, ya ce tun da aka fara kwas bai ga wanda ya kai shi ba. Ni kuma ya ce in sake rubutawa. Na zauna na yi ta yankewa. Kowace fuska ta fita, masu hankali suka fita, awakin kawu ma da ƙyar na sallame su. Abin da ya rage bai cika shafi ɗaya ba: cewa ga mai kaya masu nauyi da za su yi nisa, in garinsa yana kan layin dogo, musamman da damina, jirgi ya fi masa. Na ji kunyar ƙanƙantarsa. Malamin ya karanta ya ce yanzu ya yi wuyar kayarwa. Mutumin Maigatari ya juya shi gaba da baya yana neman aibu, daga ƙarshe ya ce ramamme ne amma lafiyarsa ƙalau.

Da sakamakon jarrabawa ya fito, ni da Hedimasta muka haye. Mutumin Maigatari ya ci sauran takardu, amma a takardar auna hujja ya ɓata lokacinsa yana nuna wa masu jarrabawar cewa tambayarsu ma ba ta da hujja, sai da ya sake zama a shekara ta gaba.

Bayan an koma makaranta da 'yan watanni, wani mai duba makarantu ya zo mana Gagarawa Tasha. Da ya gama duba azuzuwa ya ja ni gefe, ya ce ya ji tare muka yi kwas da dattijon nan na Sule Tankarkar, yana so ya san abin da aka ba mu muka ci a can. Ya ce mutumin da a da in an aika masa takardar umarni har tsayuwa yake yi kafin ya buɗe, yanzu duk wadda aka aika sai ya aiwatar da abin da aka ce tsaf, sannan ya mayar da ita da jan biro a gefe, yana tambayar dalili, yana nuna inda sakin layi na uku ya saɓa wa na farko. Ya ce akawun ofishinsu ya fara jin tsoron buga takarda, manya kuma ransu ya fara ɓaci. Ya ce tun da dattijon yana jin maganata, in je in lallashe shi.

Ran kasuwar Sule Tankarkar na hau motar 'yan kasuwa na tafi. Ya karɓe ni da murna, ya sa aka dama mini fura, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na isar da saƙo ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni wane dalili suka bayar. Na ce sun ce ba a saba yin haka ba. Ya ce wannan ya nuna abin sabo ne, bai nuna kuskure ba ne. Na ce, Baba, jan biron ne yake ƙona musu rai, suna ganin kamar ka mai da su 'yan aji uku. Ya juya ludayi a cikin ƙwarya. Can ya ce wannan kam dalili ne, ya karɓa. Ya kira wani ɗansa ya aike shi kasuwa ya sayo masa fensir.